Ƙarar da ta hana mu ɗaukar jita kwana huɗu a Birnin Kebbi

Abin ya faru ne cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 kuma ko da dare bango na huci kamar tanda. Akwai wani ɗan situdiyo a nan Badariya da nake taimaka ma da aikin haɗa sauti, ɗaki ɗaya ne da ɗan lungun da mawaƙi ke shiga, mai wurin ya girme ni sosai, Yaya nake ce mai. Shekara biyu muna aiki a ɗakin nan ba mu taɓa kuka da ƙara ba, saboda kusan duk kiɗanmu fiyano ne da kwamfuta sai murya. To sai Yaya ya yi gyara, anka yi silin na fi-o-fi, anka binne ƙananan fitilu takwas a ciki, anka sa masu dima a bango irin wadda ake murzawa haske ya ragu ko ya ƙaru, don yanzu duk mawaƙin da ya zo sai ya ɗauki bidiyon TikTok kuma suna son hasken nan mai laushi. Ɗaki ya yi kyau gaskiya, ba wanda ya shigo bai yaba ba.

Kamar sati biyu bayan gyaran anka kawo muna aikin waƙar biki, kuma dangin amarya sunka dage sai an sa jita ta gaske a ciki irin kiɗan mutanen Nijar. Anka samo wani yaro daga Kamba, a Gaya ya koyi kiɗa wajen masu jita na can, hannunshi na da daɗi ƙwarai. Jitarshi ta lantarki ce, kwaikwayon samfurin Stratocaster, mai fikof uku sirara (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya), sai ɗan amfi ƙarami mai ɗaga sautin da feda ɗaya mai ƙara ma sauti kaushi. Yana jonawa, tun bai taɓa tsirkiya ba, sifika ta ɗauki wani zzzzzz kamar an rufe zuma cikin gwangwani. In ya kaɗa da ƙarfi kiɗan ya danne ta, amma da ya sassauta hannu ko ya ja murya ɗaya ta yi tsawo sai ta taso ta hau kan komai, kuma irin kiɗan nan rabinshi ja ne. In ya taka fedar kuwa sai dai ka toshe kunne.

Yaya ya ce, "Wagga jita ta gaji, a nemo wata kawai." Yaron ya ce, "Wallahi Oga shekaranjiya na yi wasa da ita a Kamba, ko kusa ba ta yi hakan ga ba." Wani mawaƙi da ke zaune ya ce wutar ce ba ta da kyau a jira a tada janareta, anka tada janareta, ƙara na nan daram. Ranar farko a haka ta ƙare, na ɗauki kiɗan da ƙarar a ciki da niyyar in wanke shi a kwamfuta da daddare, na kuwa gwada, amma duk sanda na cire ƙarar yadda ya kamata sai jitar ta koma kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin ruwa, ƙyallin nan nata na sama ya tafi. Dalili kuwa ƙarar ba a wuri ɗaya take zaune ba balle ka yanke wurin. Da na buɗe ta a allo sai na ga layuka a jere kamar haƙoran mataji, tazarar bugu 100 a sakan tsakanin kowane da na gaba, tun daga ƙasa har can sama inda zaƙin jitar yake. Da na ja hoton sautin ya yi girma kuma sai ga wasu tsinaye sirara suna fitowa daidai lokaci, sau 100 a kowane sakan. Wannan ne ya fara ba ni haske, don gunjin wuta na yau da kullum, mmmm ɗin nan mai kauri, sau 50 ne a sakan kuma lanƙwasarshi sumul take ba tsini. Wani abu ne ke saran wutar.

Kafin in ci gaba bari in ɗan faɗi abin da fikof yake, don wanda bai san shi ba ba zai gane dalilin da ya sa fiyano ya zauna lafiya a ɗakin jita ta kasa ba. Maganaɗisu ne anka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin gashi, zagaye kusan dubu takwas a irin na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe in ta yi rawa a samanshi sai ta motsa maganaɗisun, wuta 'yar mitsitsiya ta taso a cikin naɗin, amfi ya ɗaga ta. Matsalar ita ce naɗin nan bai san bambanci ba, duk wani motsin maganaɗisu da ke yawo a ɗaki, na wayar bango ne ko na caja ko na taransifoma, ɗauka yake ya miƙa ma amfi tare da kiɗan. Wato eriya ce ka rataya a ciki. Fiyano kuwa sautinshi na fitowa da ƙarfinshi tun daga ciki, ba ya buƙatar a ɗaga shi sosai. Masu ƙera jita sun daɗe da sanin ciwon nan, shi ya sa wani injiniya a kamfanin Gibson na Amurka, Seth Lover, ya fito da fikof mai naɗi biyu a 1955, anka fara sa shi a jitarsu mai suna Les Paul a 1957. Naɗi biyun juna suke ba baya, ƙarar da ta shiga ɗaya ta dama sai ta shiga ɗayan ta hagu su cinye juna, kiɗan kuma ya haɗu ya ƙaru. Riƙe wannan dabara ta cinye juna, za ta dawo a labarin har sau biyu.

Rana ta biyu na ce ba a ɗaukar komai sai mun gano ta inda take shigowa. Yaron ya zo da hantsi, ƙofa a buɗe fitilu a kashe, fanka kaɗai ke juyawa, munka jona, ƙarar ta ragu sosai amma ba ta tafi ba, wannan ya so ya rikita ni don na riga na sa ido a kan fitilun. Na fara da amfi shi kaɗai ba jita, shiru, sai ɗan huci kaɗan. Na jona kebul da jita na ce ya murɗe bolum ɗin jitar zuwa sifili, ƙara ta faɗi kusan duka. Ya buɗe, ta dawo. Ke nan mafi yawanta ta iska take shiga jitar, ba ta soket ba. Na ce ya tashi tsaye ya riƙa juyawa a hankali kamar mai neman sabis, in ya fuskanci ƙofa ta yi ƙarfi, in ya juya wajen taga ta lafa, akwai ma wata kusurwa da ta kusa ɓacewa. Duk ƙarar da ke sauyawa da juyin jiki ta maganaɗisu ce, fikof ke shan ta kai tsaye. Sai na ce ya ɗora hannu a tsirkiya, wani sashe na ƙarar, sirin nan na sama mai kama da soya, ya ragu, ya ɗaga hannu ya dawo. Wannan kuma wata hanya ce daban, tana shiga ta wayoyin cikin jitar da ba su da kariya da kuma kebul. Hanya biyu ke nan a ɗaki ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, nan ne mutane da yawa ke ɓata kuɗi, su yi maganin ɗaya su ga ba ta tafi ba su ce ƙarya ne.

Abin da ya nuna muna ɓarawon ƙiri-ƙiri rediyon Baba maigadi ce. Na roƙe shi aro, ya ce, "Ɗana mi za ka yi da ita da rana tsaka, ba a labaru yanzu." Na mayar da ita MW na kai allurar inda babu tasha, sai shuuu kawai, na shiga ɗakin da ita. Na ce a kunna fitilu. Ina kusantar da ita jikin dima ta ɗauki ruri iri ɗaya sak da wanda ke fita a sifika. Yaya da kanshi ya riƙa murza dimar muna saurare, in ya kai ƙarshe haske ya cika sai rurin ya ragu, in ya dawo tsakiya ya yi tsanani, in ya yi ƙasa sosai ya sake raguwa. Kuma tsakiyar nan ita ce inda kullum ake barin ta don bidiyo. Na bi bango da rediyon, tana ruri a miƙe daga dima har sama, na hau kujera na bi silin, ko'ina ruri. Anka kashe fitilu gaba ɗaya, na zagaya, sai ga wani rurin ƙarami a gefen ƙofa, regiletar fanka ce, sabuwa, 'yar ƙarama mai murzawa sumul ba ƙas-ƙas, ita ma lokacin gyara anka sa ta anka cire tsohuwar mai babban akwati. Ashe ita da dima uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Ga abin da ke faruwa a cikinsu. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, tana zuwa tana komawa sau 50 a sakan, kowane zuwa da komawa kashi biyu ne, ke nan tudu 100 a sakan, kowane na tashi daga sifili ya hau ya sauko. Dima ba rage wutar take yi kamar yadda ake rage famfo ba. Akwai wani ɗan abu mai ƙafa uku a ciki da ake kira tirayak, makunni ne mai saurin tsiya, a farkon kowane tudu sai ya riƙe wutar ya hana ta wucewa, ya jira, sannan ya sake ta farat ɗaya. In ka murza haske ya cika, da wuri yake saki tun tudun bai yi tsawo ba, tsallen ƙarami ne. In ka sa a tsakiya, yana saki ne daidai ƙololuwar tudu, kuma ƙololuwar wutar 230 tana kai bolt 325, ke nan daga sifili zuwa 325 cikin ƙiftawar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, sau 100 kowane sakan. Tsinayen nan da na gani a allo su ne. Irin wannan tsalle na fantsama ya bi duk wayar da ke jone da shi, wayar ta zama eriya mai watsawa, jita kuma mai karɓa. Dima mai tsada ana sa mata naɗin waya mai nauyi a ciki da ke tausasa tsallen, amma masu arha na kasuwa ko dai ƙarami ne ko babu sam. Wani ƙarin abin, da munka nemo kwalin ƙwayayen fitilar sai ga shi an rubuta da Turanci cewa ba a sa masu dima. LED ne na gama-gari, da ɗan kafasita, abin da ke tara wuta, a cikinsu wanda duk sanda wutar ta faɗo farat ɗaya sai ya zuƙe ta da ƙarfi, tsinin ya ƙara kaifi. Biyu daga cikinsu ma sun riga sun fara ƙyafta ido, Yaya na ta zargin mai shago.

Da yammar ranar munka gwada hanyar gaggawa, don biki saura kwana biyar. Fitilu a kashe, fanka a kashe, fitilar caji a ƙasa, kwamfuta a kan batirinta an zare caja. Tsit, jitar ta fito tas, har yaron ya yi dariya ya ce ga muryarta nan. Amma ɗaki rufe a Afrilu ba fanka, minti goma sha biyar zufa ta jiƙa shi sharkaf, yatsu na zamewa, tsirkiyoyi na sakin saiti. Mun dai tabbatar da zarginmu, aiki kam bai yiwu ba, kuma ko ya yiwu ba za mu riƙa yin haka duk sanda mai jita ya zo ba.

A cikin gwajin nan ne na ci karo da abin da ya fi ƙarar tayar mani da hankali. Na je zare kebul daga amfi ƙafata ba takalmi a kan tayil, na ji tsirr a yatsa. Na ɗauko testa na taɓa ƙarfen jak ɗin, ta kama ja. Na tambayi yaron, ya ce ai ya saba, in leɓenshi ya taɓa makirufo a wajen biki yakan ji, shi ya sa yake wasa da takalmin roba. Na buɗe filoginshi, ƙafa uku ne amma ta ukun ba waya a jikinta, ya ce wani mai gyara ne ya cire mai wai tana kawo ƙara. Na kwance soket ɗin bangonmu, shi ma ramin atin, wato na wayar da ke kai wuta ƙasa, fayau, ba a taɓa ja mai waya ba. Raina ya ɓaci sosai, kuma har yanzu in na tuna yana ɓaci. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da ƙarfen amfi ta cikin kebul, da gangan ake yin haka. In wani abu ya lalace a cikin amfi wuta ta taɓa ƙarfen, wayar atin ce za ta kwashe ta ta kai ƙasa, in babu ita to mai jita ne hanyar, hannu ɗaya a tsirkiya leɓe a makirufo, ta ƙirji za ta bi. A 1972 wani mai jita ɗan Birtaniya, Les Harvey, haka ya mutu a kan dandamali a garin Suwansi gaban 'yan kallo, ya taɓa makirufo da ba shi da atin. Na ce ma yaron, "Ƙanena, ko ƙarar ga za ta kashe kasuwarka kar ka sake bari wani ya cire maka wayar nan." In atin na kawo gunji tsakanin amfi da mikisa, akwai ɗan akwati da ake kira DI mai taransifoma a ciki da ke raba su ta gefen sauti, a can ake yankewa, ba a filogin wuta ba.

Rana ta uku munka kira mai wayarin, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ba shi ya yi aikin silin ɗin ba. Ya leƙa sama ta ƙofar silin da tocila ya daɗe, ya sauko ya ce, "Alhaji, wanda ya yi maku aikin ga ya yi tsimin waya." Abin da ya gani, layif, wayar da ke kawo wuta, ya tashi daga dima ya hau ta bangon gabas ya bi fitilu, nutural kuma, wadda ke mayar da ita, ba a ja shi tare ba, an ɗauko shi ne daga wani haɗi a bangon yamma saboda ya fi kusa. Fitila za ta kama lafiya lau, shi ya sa ba wanda ya damu. Amma wutar da ke zuwa da wadda ke komawa sun zagaye ɗakin gaba ɗaya kamar zobe, mai jita na zaune a tsakiya. In waya biyun na manne da juna, maganaɗisun mai zuwa da na mai komawa suna cinye juna, dabarar fikof mai naɗi biyu ce dai, in ka raba su da faɗin ɗaki kuwa ba mai cinye wani. Sannan fitilu da fanka da soket ɗin da muke jona kayan sauti duk a kan bireka ɗaya suke, wanda shi ya kawo ɗan hucin da na ji a amfi tun ba jita.

Cire dimar ne ya zama rigima. Yaya ya kashe kuɗi, kuma gaskiyarshi ce masu bidiyo na kawo ciniki. Na gaya mai akwai dima ta zamani da ke yanke wutar a ƙarshen tudu maimakon farko, ta fi laushi kuma ta fi dacewa da LED, amma sai an sauya ƙwayayen duka zuwa masu karɓar dima, mun zaga shaguna ba mu same ta ba sai dai a yi saƙo Kano ko Legas, kuma ko ita ragewa take ba kashewa ba. Baba mai wayarin ne ya raba gardamar, ya ce a sa makunni mai baki uku, fitila biyu a ɗaya, biyu a ɗaya, huɗu a na uku. Kana son haske kaɗan ka kunna biyu, matsakaici huɗu, sai shida, sai takwas. Makunni na gargajiya ba ya saran komai, ko a kunne ko a kashe. Biyun farko munka sa masu ƙwai mai ruwan ɗorawa marar ƙarfi, sai ga hasken nan mai laushi da ake nema ya samu. Regileta kuma anka dawo da mai mataki, mai ƙas-ƙas daga 1 zuwa 5, wadda kafasita ke rage ma fanka gudu ba tirayak ba, fankar ma ta daina wani gurnani da take yi in an rage ta. Ya ja sabon nutural tare da layif a bututu ɗaya, ya ware ma kayan sauti birekarsu daga allon rabon wuta.

Atin ya fi cin lokaci. Ƙasarmu a bazara busasshiya ce ƙamas, sandar atin in ka kafa ta a busasshen yashi kusan ado ce. Ya zaɓi bayan ɗaki kusa da inda ake alwala don wurin ba ya rabuwa da danshi, ya haƙa, ya kafa sandar ya zuba gawayi, ya ja waya mai kauri zuwa allo, daga can zuwa kowane soket. Ya kuma dage sai an sa bireka mai jin yoyon wuta, ta miliyam 30, ya ce sanda kaɗai a irin ƙasar nan ba lallai ta ja wutar da za ta faɗar da bireka ta yau da kullum ba, amma wannan da wuta kaɗan ta bi ta jikin mutum za ta yanke. Na goyi bayanshi, Yaya ya biya. Bayan an gama na sake taɓa jak da testa, ba ta kama ba. Wannan sashe ba aikin mai haɗa sauti ba ne, ni tsayawa na yi ina miƙa kaya.

Ana wancan ni kuma ina kan jitar. Kebul ɗinshi na fara kwancewa, sai ga waya biyu kwance gefe da gefe ba saƙa, kebul ɗin sifika ne, kan jak ɗinsu iri ɗaya shi ya sa ake ruɗewa. Na jita waya ɗaya ce a tsakiya da saƙar ƙarfe ta lulluɓe ta, saƙar ce garkuwa. Na ba shi nawa mai mita 3, sirin nan na sama ya faɗi nan take. Sai na kwance farantin gaban jitar, ciki katako ne tsirara, wayoyi na yawo. Ina da tef na jan ƙarfe da na taɓa saye, na shimfiɗa shi a duk ramukan, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwanshi, na ɗiga dalma a mahaɗai, na bar 'yan kunnuwa sun leƙo bakin rami don su taɓa wanda na manna a bayan farantin, sannan waya ɗaya daga tef ɗin zuwa bayan bolum inda duk atin na jitar ke haɗuwa. Na bi da mita ina jin ƙararrawa daga lungu zuwa lungu, don tef da bai haɗu da atin ba bai tsare komai. Ban naɗe fikof ɗin kansu ba, yin haka na dushe sauti. Da na mayar na ɗaure, jita ta yi gum ba sauti ko kaɗan, yaron ya dafe kai. Harshen jak ne ya taɓa tef ɗin a cikin raminshi, na sa salatif a wurin, ta dawo. Duk mai yin aikin nan ya duba wurin jak da ƙafafun makunnin zaɓen fikof kafin ya ɗaure, nan ne yake faruwa.

Tef ɗin jan ƙarfe ba ya tare maganaɗisu, wannan ya kamata a sani, soyar nan ta sama kawai yake kashewa. Na maganaɗisu maganinshi nisa, ko juyi, ko cinye juna. Makunnin jitar na da matsayi biyar, na 2 da na 4 suna haɗa fikof na tsakiya da na gefenshi, kuma a jitoci da yawa ana juya na tsakiyar, naɗinshi da maganaɗisunshi, don in an haɗa su su yi aikin mai naɗi biyu. Na ɗauko ɗan kamfas na alƙibla na ɗora a kan kowane, na tsakiya ya juya allurar saɓanin sauran biyun, kunne ma ya tabbatar, a 2 da 4 gunjin na faɗuwa. Yaron bai taɓa lura ba, shi a na wuya yake wasa kullum don ya fi kauri. Ban ce ya bar shi ba, sautinshi ne, amma yanzu ya san inda zai gudu in wuri ya yi ƙara.

Rana ta huɗu bayan la'asar munka ɗauka, fitila huɗu a kunne, fanka a lamba 3, feda a take. Akwai ɗan gunji siriri in yana kan fikof ɗaya, wanda duk jita irin wannan ke da shi ko a ina, munka juya kujerarshi wajen taga ya kusa ɓacewa, na manna salatif a tayil daidai ƙafafun kujerar don kar a manta. Mai tsaron ƙofar sauti na cikin kwamfuta, wanda ke rufe layi in an yi shiru, na sa shi kaɗan a ƙarshe, kuma a nan ne kawai yake da amfani a ganina, in ka sa shi a kan ƙara mai yawa wutsiyar kowace murya zai riƙa gutsurewa kuma ƙarar na nan a ƙarƙashin kiɗan. Sau uku ya kaɗa waƙar, na biyun munka ɗauka. Abin da bai warware ba shi ne inbatar wurin, irin mai arha ce da wutarta ke fita da kusurwa ba sumul ba, in anka koma kanta ƙara na dawowa ta soket, don haka jita sai da wutar gari ko janareta har Yaya ya samu halin sauya ta. Akwai kuma mai walda a bayan layi, in ya fara sai mu jira.

Daren bikin, a wani ɗakin taro a Jega, yaron ya kira ni ana saura kaɗan a fara, ya ce Malam ƙarar ta dawo. Can ba ni da ikon taɓa wayarin kowa. Na ce ya duba bango ko teburin mai fitilu, ya ce akwai abin murzawa guda huɗu duk a rabi. Na ce ya roƙi mai wurin da girmamawa, waɗanda ke saman dandamali ko a cika su ko a kashe, na can wajen baƙi a bar su yadda suke. Ya jona amfi a soket da ba na fitilun ado ba, ya ɗage kebul ɗinshi daga kan wayoyin wuta da ke ƙasa, in dole su haɗu to su gitta juna kar su kwanta tare, ya juya har ya sami kusurwa, ya bar makunnin jitar a lamba 4, tsakanin waƙa da waƙa ya rufe bolum. Ya ce mai wurin ya yarda ya cika biyu, ya ƙi taɓa sauran don amarya za ta shigo. Na ji ta cikin wayar yana gwadawa, zzzz ɗin na nan can ƙasa amma kiɗan ya fi ƙarfinta. Na tambaye shi soket ɗin na da atin, ya ce ya taɓa da testar da na ba shi ba ta kama ba, kuma ya sa soso a kan makirufo. Sai anka kira shi a lasifika ya kashe wayar.